Tsohon lauje: yadda za ku gane nagari, ku wasa shi kafin yankan ciyawa

Daga watan Satumba zuwa Oktoba ne ake tanadin abincin da dabba za ta ci a bazara, kuma duk wanda ya ga asarar dabbobin da aka yi a 2010 ya san abin da rashin ciyawa ke jawowa. A zagayen da nake yi wajen ƙungiyoyin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, na lura kusan kowane gida akwai tsohon lauje a saƙale jikin rumbu, tsatsa ta ci shi, mai shi kuma yana shirin sayen sabo. Kafin ku kashe kuɗi, ku sauko da shi mu duba, domin da yawansu sun fi na kasuwa ƙarfe.

Me ya haɗa lauje da lafiyar dabba? Lauje mai kaifi yanka yake yi, dakusasshe kuwa fizga yake. Idan ya fizgo ƙarangiya ko komayya da saiwarta, sai ƙasa ta biyo cikin dami. Rairayi yana cinye haƙoran dabba, saiwa mai danshi kuma tana sa dami ya yi fumfuna. Gamba, wadda ke sake tohowa daga gindinta, idan aka yage ta da dakusasshen ƙarfe ba ta murmurewa da sauri. Harawar wake ma, in ana jijjiga ta, ganyen ne ke kakkaɓewa, alhali a ganyen amfanin yake.

Da farko ku gane irin laujen da ke hannunku. Ku goge tsatsar da rairayi da tsumma, ku dubi bakin. Akwai mai sumul, akwai mai ƙananan haƙora kamar na zarto. Mai sumul ya fi dacewa da ɗanyar ciyawa mai laushi, irin su gadagi da kyasuwa. Mai haƙora ya fi kama busasshiyar ciyawa da mai tauri irin gamba. Wasa su ba iri ɗaya ba ne, shi ya sa sanin wannan ya zo a gaba.

Sai gwajin ƙarfe. Ku riƙe shi ta ƙota, ku ƙwanƙwasa da ƙusa. Idan ya yi ƙara mai tsawo, ƙarfen lafiya lau yake. Idan ƙarar ta mutu nan take, ku nemi tsaga, ko ku duba ko ƙotar ce ke girgiɗi. Daga nan ku ɗan goga magagari a kusa da baki. In ya ci ƙarfen cikin sauƙi kamar sabulu, ƙarfen mai laushi ne, zai yi saurin kaifi ya yi saurin dakushewa. In yana ɗan zamewa, an ba ƙarfen ruwa da kyau, wannan shi ne abin riƙewa. Laujen da ya tsage, ko tsatsa ta huda shi, ko bakinsa ke ɓantarewa, kada ku yanka abincin dabba da shi. Saniya ba ta tsince abinci, haɗiyewa take yi. Guntun ƙarfe, ƙusa ko waya na iya huda cikinta har ya kai ga zuciya, sai ku ga ta daina ci, ta ƙage baya, nono ya ragu. Irin wannan lauje maƙera za a mai da shi.

Yanzu washi. Kuna bukatar magagari, dutsen washi mai ɗan zagaye wanda zai shiga lanƙwasar lauje, da ruwa a ƙwarya. Ku zauna, ku danne ƙotar a kan kututture, bakin yana kallon waje, yara kuma su matsa.

Idan mai sumul ne, ku nemi gefen da maƙeri ya karkata tun asali, ku bi wannan karkatar, kada ku ƙirƙiro sabuwa. Magagari turawa gaba yake ci, don haka ku tura, ku ɗaga, ku dawo. Ku fara daga gindi zuwa tsini har giɓin ya ɓace. Sannan ku jiƙa dutse ku bi bakin a hankali. Za ku ga wani siririn gashin ƙarfe ya fito a ɗaya gefen, alamar washi ya kai baki ke nan. Ku juya, ku kwantar da dutsen, ku share shi sau biyu ko uku.

Idan mai haƙora ne, kada dutse ya taɓa gefen da aka tsaga haƙoran, zai shafe su. Ta bayan da yake shimfiɗe kawai ake gogawa. In haƙoran sun cinye, maƙeri ne zai sake fitar da su.

Ina yawan gargaɗi kan injin washi na masu walda. Yana da sauri, amma idan bakin ya yi zafi har ya koma shuɗi, taurin ƙarfen ya tafi. In dole sai inji, a riƙa tsoma laujen a ruwa. Gwajin kaifi kuma da tsinken ciyawa ake yi, ba da yatsa ba. Wanda ya yanke ya wanke da ruwa da sabulu, ya je asibiti a duba maganar allurar sarƙe-haƙora.

Ƙota mai girgiɗi haɗari ce. Jiƙa ta a ruwa dabarar yini ɗaya ce, da ta bushe za ta koma yadda take. Ku sa sabuwa ta busasshen itace mai ƙwari, kamar aduwa. Bayan aiki ku goge bakin, ku shafa man gyaɗa, ban da baƙin man mota domin guba ne ga dabba. Ku naɗe shi da tsumma ku rataye inda yaro ba ya kaiwa.

Lauje mai kyau ba ya gyara ciyawar da aka makara yanka. Ku yanka lokacin da ta fara fure, bayan raɓa ta bushe, ku bar kamar faɗin tafin hannu daga ƙasa. Ku shanya kwana 2 zuwa 3 kuna juyawa, ku ɗaure tana da sauran kore, ku ɗora a rumfa ko ɗaki. Garmani da ya cinye burtali da makiyaya a yankinmu, a sare shi kafin ya yi ƴaƴa, kuma kada a bari irinsa ya shiga dami. Ku tuna dokar kiwo ta 2010 ta sa ƙa'ida kan kwasar ciyawa a makiyaya, don haka ku tuntuɓi mai gari da kwamitin kula da filaye kafin ku shiga.

Shawarata ga kowace ƙungiya: ku sayi magagari ɗaya da dutse ɗaya na kowa da kowa, ku sa rana kafin kaka, kowa ya kawo laujensa, a gayyato maƙerin gari ya ware na gyara da na sake ƙira. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara wa dukiya lafiya.