Biyan kuɗi don a bar kurmi a tsaye: abin da ya kamata ku sani

Idan aka ambaci kurmi, Bahaushe yakan tuna goro da katako da ruwan saman da ba ya yankewa. Irin wannan daji mai duhu, wanda da ƙyar hasken rana ke sauka ƙasansa, ya fi yawa a wurare uku: Amazon a Kudancin Amurka, kwarin Kogin Kwango a tsakiyar Afirka, sai tsibiran Indonesiya da maƙwabtansu. Kusan shekara ashirin ke nan ana wani ciniki a kansa: masu kuɗi su biya, masu daji su ajiye gatari. Sai dai dazuzzukan nan ba kufai ba ne. Akwai al'ummomin da aka binne cibiyarsu a ciki, kuma su ne suka fi kowa jin cinikin a jikinsu.

Me ya sa za a biya mutum don bai sare itace ba?

Itace yana zuƙar iskar kabon, ya adana ta a jikinsa da saiwarsa. Ranar da aka sare shi aka cinna wuta, iskar ta koma sama ta ƙara ɗumamar duniya, wadda mu ma muke gani a canjin damina da zafin bazara. Ga ƙasar da ke da daji kuwa, sararren itace kuɗi ne a hannu: katako, gonar waken soya, makiyayar shanu, gonar kwakwar manja. Tsayayyen itace yana yi wa duniya duka amfani, amma ba ya kawo wa mai shi ko sisi.

A 2005, a taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya a Montreal, ƙasashen Papua New Guinea da Kosta Rika suka kawo shawara cewa tunda kowa na amfana, to kowa ya sa hannu a aljihu, musamman ƙasashen da masana'antunsu suka fi gurɓata iska. Daga nan aka haifi shirin da ake kira REDD+, wanda daga baya ya shiga Yarjejeniyar Paris ta 2015.

Ta ina kuɗin ke bi?

Hanya ta farko ita ce gwamnati ta biya gwamnati. Norway ce kan gaba. Ita ce babbar mai zuba kuɗi a Asusun Amazon da Brazil ta kafa a 2008, ta kuma yi wa Indonesiya alkawarin dala biliyan 1 a 2010. A Afirka, Gabon ce ta fara karɓar irin wannan lada, dala miliyan 17 a 2021. Ana duba hotunan tauraron ɗan'adam, in sara ta ragu a biya, in ba ta ragu ba babu komai.

Hanya ta biyu ita ce kasuwa. Wani kamfani zai keɓe yankin daji, ya ƙiyasta yawan itacen da za a sare da a ce bai shigo ba, ya mai da wannan lissafi takardun shaida. Kowace takarda tana matsayin tan ɗaya na iskar kabon da aka hana tashi. Kamfanonin jiragen sama da na mai su saya, su ce sun wanke hayaƙin da suka fitar. Raunin wannan hanya a fili yake, domin ana sayar da abin da aka ce da zai faru ne, kuma mai sayarwa yana da riba in ya kambama barazanar. A Janairun 2023, binciken jaridun Guardian da Die Zeit ya yi zargin cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na takardun kurmi da hukumar Verra ta tantance ba su rage hayaƙin da aka ce sun rage ba. Verra ta musanta, amma farashin takardun ya faɗi.

Wane ne ya tsare dajin tun farko?

'Yan asalin wurin: Kayapo da Yanomami a Amazon, Baka da Batwa a tsakiyar Afirka, Dayak a Borneo, da ɗaruruwan irinsu. Hotunan sama sun nuna aikinsu ƙarara. Cibiyar MapBiomas ta Brazil ta gano cewa cikin shekara talatin, filayen 'yan asali sun rasa kusan kashi 1 cikin ɗari na dajinsu, alhali filayen da ke hannun masu zaman kansu sun rasa wajen kashi 20.

Duk da haka, wani rahoto na Gidauniyar Kurmi ta Norway a 2021 ya nuna cewa abin da aka ware domin haƙƙin ƙasar waɗannan al'ummomi da kula da dajinsu bai kai kashi 1 cikin ɗari na tallafin sauyin yanayi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ina gizo ke saƙar?

Kuɗi takarda yake bi. A yawancin ƙasashen nan, musamman na Afirka, daji na gwamnati ne a doka, ko da kakannin kakannin mutum a cikinsa suka kwanta dama. Muddin daji ba ya kawo kuɗi, ba mai damuwa da mazaunansa. Da zarar ya yi daraja, sai a tuna da dokar.

Ku ɗauki matar da ta saba shiga daji da sassafe ta samo itacen girki, ta ciro ganyen magani, mijinta ya sare ɗan fili ya noma shekara biyu, sannan ya bar shi ya huta ya koma daji. An sa hannu a wata yarjejeniya a babban birni, cikin harshen da ba ta ji. Wata rana sai ta tarar da allo a bakin hanya da ma'aikacin gandun daji da bindiga. Abin da ta gada ya zama laifi. Shi kuwa mai babbar motar katako yana da lasisi da lauya.

Wannan ba sabon ciwo ba ne. An kori Batwa daga dajinsu lokacin da aka kafa gandun Kahuzi-Biega a Kwango a shekarun 1970, ba a ba su wata ƙasa ba. A Kenya, Tarayyar Turai ta dakatar da tallafin wani shirin kare daji a Janairun 2018, bayan masu gadi sun harbe wani ɗan ƙabilar Sengwer a dajin Embobut. Ogiek na dajin Mau sun yi nasara a Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan'adam da ke Arusha a 2017, amma a ƙarshen 2023 aka sake rushe musu gidaje. Gwamnati ta ce kare daji take yi, masu kare haƙƙinsu suka ce kasuwar kabon ce ta sa aka matsa.

A rubuce akwai kariya. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007 kan haƙƙin 'yan asali ta ce sai an nemi yardarsu kafin a fara, ba tilas, kuma bayan an yi musu cikakken bayani. Matsalar ita ce sau da yawa ana tara mutane a taro ɗaya, a raba abinci, a karɓi sa hannun shugabanni kaɗan, a kira shi yarda.

Idan aka ba su ragamar fa?

Ƙabilar Paiter-Suruí ta yammacin Brazil ta gwada. Sai a 1969 suka fara cuɗanya sosai da mutanen waje, cututtukan baƙi suka kashe da yawansu. Ƙarƙashin jagorancin Almir Suruí suka koyi amfani da waya da taswirar intanet wajen sa ido a kan ɓarayin katako, suka zama 'yan asali na farko da suka tsara nasu shirin kabon. A 2013 suka sayar wa kamfanin Natura takardun tan 120,000. Sara ta ragu ƙwarai. Daga baya rigima ta tashi kan rabon kuɗi, aka kuma gano zinariya da lu'ulu'u a ƙasarsu, masu haƙa suka kwararo, hukuma ba ta tare su ba. A 2018 aka dakatar da shirin. Kuɗin kabon ya kasa gogayya da kuɗin ma'adinai.

A Guyana, gwamnati ta ƙulla cinikin aƙalla dala miliyan 750 da kamfanin mai na Hess a 2022, ta ware kashi 15 cikin ɗari ga ƙauyukan 'yan asali. Ƙauyuka da dama sun karɓa sun yi ayyuka da shi. Amma wata babbar ƙungiyarsu ta kai ƙara cewa an haɗa da dazuzzukan da suke da takardar mallakarsu ba tare da an nemi yardar jama'a yadda ya dace ba.

Ekwado kuma ta nuna cewa alkawarin masu kuɗi ba abin jingina ba ne. A 2007 Shugaba Rafael Correa ya nemi dala biliyan 3.6 domin a bar man da ke ƙarƙashin dajin Yasuní, mazaunin Waorani da wasu ƙabilun da ba sa hulɗa da kowa. Abin da ya shiga hannu bai wuce dala miliyan 13 ba, ya janye a 2013, aka fara haƙa. Sai a 2023 'yan ƙasar da kansu suka kaɗa ƙuri'ar a daina.

Akwai wani sabon abu?

A Nuwamban 2025, a taron sauyin yanayi na birnin Belém, Brazil ta ƙaddamar da sabon asusu da ke fatan tara dala biliyan 125. Za a juya kuɗin a kasuwa, daga ribar a riƙa biyan ƙasashe kusan dala 4 a shekara kan kowace hekta ta dajin da ke tsaye, a zaftare musu in sun sare. Aƙalla kashi 20 cikin ɗari na ladan zai tafi ga 'yan asali da mazauna daji. Ci gaba ne babba, ko da yake abin da aka yi alkawari a taron bai kai ko kusa da burin ba.

Mu ina ruwanmu?

Ragowar kurmin Najeriya mafi girma tana Jihar Kuros Riba, kuma can aka fara gwajin REDD+. An hana sarar katako a 2008, mazauna ƙauyuka suka daɗe suna kukan cewa hanin ya iso su, ladan bai iso ba. Dillalan kabon kuma sun fara zagaya ƙasashen Afirka suna neman filaye, har da busassun yankuna irin namu.

Muna da namu darasin a gida. A jihohin Maraɗi da Damagaram na Nijar, lokacin da manomi yake ganin itacen gonarsa na malamin daji ne, tumɓuke shi yake yi tun yana tsiro. Da ya tabbata gawon da ya raina nasa ne, sai ya fara tattalinsa, har itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a kan hekta kusan miliyan 5, ba tare da wani ya biya shi ba. Mutum yana tsare abin da ya san nasa ne.

Saboda haka duk ranar da kuka ji an zo da takarda ana cewa za a biya don a bar daji, ku tambaya: ƙasar da sunan wa take? An karanta wa jama'a yarjejeniyar da harshensu, mata da matasa na wurin? Shekara nawa za ta ɗauka, me ta hana, kuma nawa ne zai isa ƙauye bayan dillali ya cire la'adarsa? Biyan kuɗin adalci ne, domin wanda ya ɓata iska ya cancanci ya biya wanda ya tsare ta. Amma a fara da tabbatar wa mutanen daji ƙasarsu a doka, sannan a yi maganar farashi da su a zaune.