Tafiyar Jirgin Sama Daga Sant Helena Zuwa Asenshon

A kudancin Tekun Atlantika akwai wasu ƙananan tsibirai biyu da ke ƙarƙashin mulkin Birtaniya, wato Sant Helena da Asenshon. A Sant Helena ne aka tsare Napoleon, sarkin Faransa, tun daga 1815 har ya mutu a 1821. Tsakanin tsibiran akwai nisan kilomita wajen 1,300, kuma babu komai sai ruwa.

Amurkawa ne suka gina filin jirgin saman Asenshon a 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ita kuwa Sant Helena ba ta sami nata ba sai a 2016. Kafin nan, mai son ƙetarawa sai ya shiga jirgin ruwa, ya yi kwana biyu ko uku a kan teku. A 2017 ne kamfanin Airlink na Afirka ta Kudu ya fara ɗaukar fasinja ta sama tsakaninsu, sau ɗaya a wata.

To, awa nawa tafiyar take ci? Ɗalibai, ga lissafin: a raba nisa da gudun jirgi. Jirgi mai gudun kilomita 800 a awa zai yi kilomita 1,300 cikin kamar awa ɗaya da minti 38. Amma ba ya yin wannan gudu wajen tashi da sauka, shi ya sa tafiyar takan kai awa biyu.

Iska ma tana da tata magana. Filin Sant Helena yana bisa tudu a bakin teku, inda iska kan juya farat ɗaya. Don haka dole matuƙi ya ɗauki mai fiye da na tafiyar, domin in sauka ta gagara, babu wani fili kusa.