Isnadin Manhajar Waya

Ɗan kasuwar da ya loda buhunan albasar fadamar Tarka a Madawa, sa'an nan ya ciro wayarsa domin ya karɓi kuɗinsa, da ma'aikacin lafiya da ke rubuta awon yara a ƙauyukan Buza da Keita, dukkansu sun damƙa amanarsu ga mutanen da ba su taɓa jin sunansu ba. Dalili kuwa, ba safai magini yake rubuta manhaja daga farko har ƙarshe da hannunsa ba. Yakan aro guntaye ne daga rumbunan intanet irin su npm, wannan ya buɗe kyamara, wancan ya gano wuri, kowane guntu kuma yana jingine da waɗansu, har silsilar ta kai ɗaruruwa.

Malamanmu na hadisi ba su karɓar ruwaya sai sun bi isnadinta mutum bayan mutum, sun san adalcin kowane mai ruwaya. A ganina wannan ladabi ne ya wajaba a kan maginin manhaja, gama rauni guda a tsakiyar silsila ya isa ya ɓata abin da ke ƙarshenta. A watan Maris na 2016 wani marubuci ya janye guntunsa mai suna left-pad, mai layi 11 kacal, sai ginin dubban manhajoji ya tsaya cik. A 2018 kuma mai kula da guntun event-stream ya gaji, ya miƙa shi ga baƙon da bai sani ba, shi kuwa ya cusa masa umarnin sata da aka nufi asusun kuɗi na Copay da shi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙugiyoyin girkawa, wato umarnin da ke tashi da kansa a kwamfutar magini da zarar ya saukar da guntu, tun kafin ya karanta ko harafi ɗaya. Tsarin Cordova na gina manhajojin waya ya halatta su domin maslaha, kamar gyara izinin waya, amma ta irin wannan ƙofa ce aka shigar da ɓarawon kalmomin sirri cikin guntun ua-parser-js a Oktoban 2021.

Saboda haka hukuma ko ƙungiyar da za ta ba da aikin manhaja domin jama'ar jihar Tawa tana da haƙƙin ta nemi jerin guntayen da aka aro, ta sharɗanta a ƙulle kowanne a kan bugun da aka bincika, a kuma hana ƙugiyoyi tashi sai wadda aka karanta aka yarda da ita. Wannan ya fi zama lalura a wurinmu, domin inda layin sadarwa yake da rauni, kuɗin intanet kuma yake da nauyi, mutum ba ya gaggawar sabunta manhajarsa, bugu mai aibi kuwa yakan daɗe a wayarsa watanni bayan an gyara shi a birni.