Avernum: Wasan Kwamfutar da Ake Kushe Hotonsa, Ake Yabon Labarinsa

Idan aka ce "gem" a Wurno ko Rabah ko Goronyo, abin da matashi zai kawo a ransa bai wuce biyu ba: ƙwallo a shagon PlayStation, wannan ya ɗauki Madrid wancan ya ɗauki Barcelona, ko kuma harbe-harbe a wayar hannu. Duka biyun saurin yatsa suke nema. Amma akwai wani jinsin wasa da ba kasafai ake ganinsa a wajenmu ba, wanda a cikinsa mai wasa ke zama jarumin labari. Shi zai zaɓi inda za a nufa da wanda za a ƙulla abota da shi, kuma labarin ya karkata gwargwadon zaɓinsa. Tushensa wasan Dungeons & Dragons ne da ya fito a Amurka a 1974, wanda ake yi da takarda da fensir, kafin wasanni irin su Ultima na 1981 su ɗora shi a kan kwamfuta.

Manyan kamfanoni sun daɗe da yin gaba, suna zuba miliyoyin daloli don hoton wasa ya zama kamar fim. Wani Ba'amurke mai suna Jeff Vogel ya ƙi bin ayarin. Yana ɗalibin lissafi a jami'a ya soma rubuta wasansa na farko, ya kafa ɗan kamfaninsa Spiderweb Software a 1994, ya fitar da Exile a 1995. Har yau kamfanin da ke birnin Siyatil bai wuce 'yan mutane ba, shi da matarsa ne ginshiƙinsa. Yadda ya soma sayarwa ma abin lura ne: ya ba ka babban yanki na wasan kyauta, in ya yi maka daɗi ka biya ka buɗe sauran.

Labarin Exile na wata azzalumar daula ce da sarkinta, Hawthorne, ke jefa duk wanda ya saɓa masa cikin wasu manyan koguna a ƙarƙashin ƙasa, inda ba rana ba wata, abinci sai naman kaza. Waɗanda aka jefa ɗin sun kafa garuruwa da sarautarsu, suna fama da mutane masu siffar ƙadangare da masu siffar kyanwa. Kai ma sabon jefaffe ne. Kana iya neman hanyar fita, kana iya neman fansa a kan sarkin, kana iya tunkarar shugaban shaiɗanun da ke barazana ga mutanen kogon. Yaƙin bi-da-bi ake yin sa, kamar dara a gindin bishiya: ka motsa naka, abokin gaba ya motsa nasa, ba mai hanzarta ka. A shekarar 2000 Vogel ya sake gina wasan da sunan Avernum, jerin ya kai shida a 2009, sannan daga 2011 zuwa 2018 ya sake sabunta ukun farko.

To, a nan ne 'yan wasa suka rabu, kuma rabuwar tasu ta fi wasan kansa koyar da mu abu.

Ƙorafi na farko, wanda ya fi kowanne yawa, hoto ne. Masu suka sun ce mutanen cikin wasan 'yan mitsi-mitsi ne, bango da bishiyoyi iri ɗaya ake ta maimaitawa daga wannan wasa zuwa wancan, kiɗa kusan babu, murya babu ko ɗaya. Ba su yi ƙarya ba. Vogel da kansa ya yi rubutu a 2019 inda ya amsa cewa wasanninsa ba su da kyan gani, ya kuma kawo dalilinsa: ɗaukar masu zane da yawa kuɗi ne, in ya kashe su sai ya sayar da ninkin abin da yake sayarwa kafin ya mai da uwar kuɗi, kuma wasa ɗaya da ya faɗi ya isa ya rufe ƙaramin kamfani. Wannan lissafin ɗan kasuwa ne tsantsa, kuma shekara talatin da ya yi yana cin abinci da sana'ar sun gaskata shi.

Masoyan kuwa ba su musanta munin hoton ba, cewa suka yi ba shi suka zo nema ba. Rubutu suka zo karantawa. Ka shiga gari, allo ya kawo maka sakin layi guda yana bayyana warin wurin, yunwar da ke fuskar mutane, da baƙar maganar mai gadin ƙofa, sauran kuma zuciyarka ta zana. Wanda ya taɓa kwana da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ko Ganɗoki na Bello Kagara, ko littattafan yaƙi na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, ya san wannan daɗin, don babu fim ɗin da ya taɓa nuna aljani mai ban tsoro kamar wanda mai karatu ya ƙera wa kansa. Suna kuma yabon faɗin duniyar wasan, wadda mutum zai yi makonni yana yawo bai ƙure ta ba.

Rigimar da ta fi zafi ma ta cikin gida ce. Tsofaffin da suka tashi da Exile suna ganin an rage wa miya gishiri: da kana jan tawagar mutum shida, Avernum ya mai da su huɗu, ya kuma zaftare yawan dabarun sihirin da ake zaɓa. Sababbin shiga sun ce gwamma haka, tsohon ya cika wahalar sarrafawa. Wasu na zargin Vogel da sayar musu da labari ɗaya sau uku. Shi kuwa hujjarsa ita ce tsofaffin wasannin sun daina tashi a sababbin kwamfutoci. A ganina kowa na da gaskiyarsa, amma mai ƙorafin maimaici ya fi ƙarfin hujja idan aka zo kan zane, don nan kam an yi ta ɗumame.

Akwai wani jerin nasa, Geneforge, wasanni biyar daga 2001 zuwa 2008, wanda da yawa ke ɗauka shi ne gwanintarsa. A ciki wasu masu iko ne ke sarrafa halittu su bautar da su, halittun kuma suka yi tawaye. Ba ɓangaren da hannunsa ke da tsabta, kuma dole ka zaɓa. Abin da 'yan wasa ke so ke nan: wasan ba ya gaya maka wane ne na kirki.

Ga mai karatu a ƙasar Sakkwato, akwai abubuwan da ya kamata a faɗa ƙarara. Wasannin cike suke da bokaye, tsafi da gumaka na ƙage, wanda zuciyarsa ba ta kwanta da haka ba, barinsu ya fi. Suna cin lokaci ƙwarai, don haka uba ya sa ido kada salla da karatu su sha kashi. Da Turanci aka rubuta su, Turanci mai yawa kuwa, wanda shinge ne ga wani, makaranta ga wani. Saye da dala ta intanet ma wani aiki ne. Sai dai tsohuwar kwamfutar cinya ta wadatar, kuma da zarar an sauke wasa ba ya bukatar data.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne cewa mutum ɗaya mai labari a baki ya iya ƙera irin waɗannan wasanni. A nan Afirka ma, a Kamaru, kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba ya fitar da Aurion a 2016, wasan almara da aka gina kan al'adun Afirka. Mu fa? Kayan aikin a zube suke. Ga Gizo da Ƙoƙi da Dodo, ga ganuwar Surame ta Kanta, ga Alƙalawa ta Gobirawa, ga fadamar Rima da ayarin fatake masu zuwa Gwanja neman goro. Wurno kanta ribaɗi ce da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina, can ya rasu a 1837. Ba cewa nake a mai da Mujaddadi Usmanu Danfodiyo ko Bello 'yan wasa ba, wannan ba zai karɓu ba, kuma bai kamata ba. Amma ɗan fatake na ƙage da ya taso daga Goronyo da jakuna, ya haɗu da 'yan fashi da masu karɓar fito da aljanun kuka, yana yanke shawara a kowane zango, wannan wasa ne cikakke, kuma da Hausa za a karanta shi.

Ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da marubutanmu na littattafan yaƙi, ku nemi juna. Yankin gwaji na Avernum kyauta ne, ku sauke ku ga yadda aka ɗinka shi.