Lissafi Kafin A Taɓa Ƙwaƙwalwa

Ya ku malamai da fatake, ku sani akwai ciwon makyarkyata mai hana malami riƙon alƙalami, sunansa Fakinsan, tushensa kuwa cikin ƙwaƙwalwa yake. A 1987 likita Benabid na Faransa ya kwantar da kyarma da siririyar wayar lantarki da ya dasa can ciki. Amma in lantarkin ya zarce wurinsa, magana kan sarƙe. Don haka masana kan zana jijiyoyin cikin kwamfuta, su lissafa iyakar inda zai kai.

Aikin sauƙi yake kawowa, ba ya raba mutum da ciwon, kuma da maganin sha ake farawa. Wanda hannunsa ke rawa, ya garzaya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato. Allah Ya ba mu lafiya, amin.