Gashin Kyanwa da Masu Ciki: Zancen da Ke Yawo a Malanville

A Malanville, in kyanwar unguwa ta haihu a bayan ɗaki, hukuncinta bai cika wuce guda ba. A zuba ta da 'ya'yanta a buhu, a ba yaro ya kai su bakin kasuwa ko gaɓar Kogin Kwara ya kwance. In gidan da amarya ko mai ciki, ko jira ba a yi. "Hajiya, me ta yi miki?" "Haba Malam, ba ka san gashinta na toshe mahaifa ba?" Maganar ta daɗe a bakin iyayenmu mata, yanzu kuma ta shiga saƙonnin murya na WhatsApp, har da ƙarin gishiri wai likitoci sun tabbatar.

Likitoci ba su tabbatar da zancen gashi ba. Abin da suka sani shi ne wata ƙwayar cuta mai suna Toxoplasma gondii, wadda aka gano a Tunisiya a 1908, sai wajen 1970 aka gane cewa a hanjin kyanwa take yin ƙwai. Ta kashi take fita. Kyanwa kan ɗauke ta ne in ta ci ɓera ko tsuntsu ko ɗanyen nama, ta yi mako ɗaya zuwa uku tana zubar da ƙwan, kuma galibi sau ɗaya ke nan a rayuwarta. Cutar ba ta hana mace ɗaukar ciki. Haɗarinta yana kan wadda ta kamu karon farko alhali tana da juna biyu, domin tana iya taɓa ido ko ƙwaƙwalwar jariri, wani lokaci cikin ya ɓare.

Ga kuma inda masu saƙon murya ba sa kaiwa. Ƙwan ba ya kama mutum ranar da ya fito. Kamar ƙullun koko ne, wanda aka niƙo yanzu ba shi da tsami sai ya kwana. Shi ma sai ya yi kwana ɗaya zuwa biyar a ƙasa kafin ya nuna, bayan nan kuwa yana iya yin watanni a ƙasa mai laima yana jira. Kashin da aka kwashe yau da safe aka binne, aka wanke hannu da sabulu, bai kai ga cutar da kowa ba. Wanda aka bari a yashin tsakar gida inda yara ke rarrafe, ko a lambu, shi ne abin tsoro. To kyanwar da aka yar a bakin kogi ina za ta yi nata? A fadamar da ake noman latas da tumatir da albasar da gobe za a kawo wa mai cikin nan. Kuma tunda ba mai ba ta abinci, ɓera za ta koma ci, wato inda take samo cutar tun farko. Mutane da yawa ma ba ta hanyar kyanwa suke kamuwa ba, ta ganyen da ba a wanke ba ne, da ruwa marar tsabta, da tsiren da cikinsa bai gasu ba. Ban taɓa jin an kori mai tsire daga unguwa saboda amarya ba.

Wannan ba ya nufin mai ciki ta tsinci ɗan kyanwa a hanya ta kai ɗakinta. Ƙananan su suka fi zubar da ƙwan, don haka ta bar wa wani ɗawainiyar har ta sauka.

Abin da ya cancanci fargaba a kyanwar da ba a san asalinta ba shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan duka ta cizon kare, amma kyanwa ma tana ɗauka. Wanda ya tsince ta ya ware mata wuri, ya sa mata ido kwana goma, ya kai ta wurin likitan dabbobi a yi mata allura. In ta ciji wani ko ta yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a tafi asibiti ranar, kada a tsaya shafa toka.

Samo wa kyanwar gida kuwa ba wuya a gari irin wannan. Kasuwar Malanville na cikin manyan kasuwannin ƙasar Benin, rumfunanta cike da shinkafa da masara da busasshen kifi, ga buhunan da ke jiran a ƙetara da su Gaya. Duk mai sito ya san asarar buhun da ɓera ya huda. Kuma tun da aka tabbatar da zazzaɓin Lassa a arewacin Benin a Nuwamban 2014, ɓera ya wuce ɓarawon hatsi kawai. Ajiye kyanwa na cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar kan wannan zazzaɓi. Sai dai a gaya wa Alhaji mai sito gaskiya: ya ba ta dafaffen abinci da ruwa da kwanon yashi, kada ya kulle ta a sito da yunwa wai don ta fi kama ɓera. Hadisin matar da ta tsare kyanwa ba ci ba sha ba baƙo ba ne a wurinsa.

Saura matsalar haihuwa. Kyanwa kan ɗauki ciki tun tana wata biyar ko shida, ta haihu bayan wata biyu, ta maimaita sau biyu ko uku a shekara. Maganin hakan a dandaƙe muzuru, ita kuma a yi mata aikin tsayar da haihuwa. Jami'an dabbobi a yankunanmu hankalinsu na kan shanu da tumaki, don su ke kawo kuɗin shiga a kara, kyanwa kuwa ba ta cikin lissafin kowa. Wanda ya je da tasa ya nace, ya kuma tambayi kuɗin aikin tun kafin ya ɗauko ta.