Ƙwaƙwalwar Kwamfuta: Kuɗin Saye Daban, Kuɗin Wuta Daban

Duk ɗan kasuwar da ya shiga kasuwar Computer Village da ke Ikeja a Legas da niyyar sayen kwamfutar tebur domin ofis ko shagonsa, abu na farko da mai kaya zai yi masa talla da shi shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke gudanar da dukan lissafin na'urar. Kamfanoni biyu na ƙasar Amurka, Intel da AMD, su ne suka mamaye wannan fage. Abin da masu saye da dama ba su cika lura da shi ba kuwa shi ne, kuɗin da aka biya ranar ciniki somin-taɓi ne, domin na'urar za ta ci gaba da cin kuɗi ta hanyar shan wuta muddin tana aiki.

A sahun manya, Intel ya fitar da Core i9-14900K a watan Oktoba na 2023 a kan kimanin dala 590. Tana da ƙwayoyin aiki 24, kuma ko da yake an rubuta mata wat 125, takan sha har wat 253 idan aiki ya yi nauyi. Takwararta ta AMD, Ryzen 9 7950X, ta fito a watan Satumba na 2022 a kan dala 699, da ƙwayoyi 16, tana kuma iya kaiwa wat 230. A sahun matsakaita akwai Ryzen 5 7600 da ta fito a 2023 a kan dala 229, da Core i5-12400 da ta fito a 2022 a kan ƙasa da dala 200. Kowaccensu na da ƙwayoyi 6, kuma wat 65 aka rubuta musu.

Babu shakka manyan sun yi wa matsakaitan fintinkau wajen tace bidiyo da zanen taswirar gine-gine, ayyukan da ake rarraba wa ƙwayoyi da yawa a lokaci guda. Amma buga wasiƙa da lissafin shige da ficen kaya da shiga intanet ba sa buƙatar irin wannan ƙarfi, ta yadda da wuya akawu ya gane bambanci. Sayen babbar furosesa domin irin wannan aiki tamkar ɗaukar hayar tirela ne domin buhu biyu na shinkafa.

Batun wuta ya ƙara muhimmanci ne tun a watan Afrilu na 2024, lokacin da Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Ƙasa, NERC, ta mayar da kuɗin yunit ɗaya na masu rukunin Band A zuwa Naira 225, kafin daga baya a ɗan rage shi. Bisa wancan farashi, idan wata kwamfuta ta zarce wata da wat 100, ana kuma aiki da ita awa 8 a rana na kwana 26, ƙarin ya kama yunit 20.8 a wata, wato Naira 4,680. Mai kwamfuta goma zai biya rarar Naira 561,600 a shekara. Sai dai ya kamata a sani cewa irin wannan tazara tana fitowa ne a lokacin aiki mai nauyi, domin furosesa takan rage shan wuta idan ba ta da abin yi. Ga mai amfani da janareto ko sola kuwa, kowane wat yana nufin ƙarin mai ko ƙarin batir.

Akwai kuma kuɗaɗen da ke ɓoye. Wutar da furosesa ta sha takan koma zafi, kuma Core i9-14900K ba ta zuwa da na'urar sanyaya ta, sai an saya daban, alhali Ryzen 5 7600 na zuwa da fankarta a cikin kwali. A ɗaya ɓangaren, jerin Ryzen 7000 ba ya aiki sai da ma'adanar DDR5, yayin da Core i5-12400 ke karɓar tsohuwar DDR4 idan allon da aka dasa ta a kai na irinta ne. Idan ba a manta ba, a 2024 Intel ya amince cewa wasu furosesoshinsa na ƙarni na 13 da na 14 suna samun tangarɗa saboda yawan ƙarfin lantarki, har ya ƙara musu garanti na shekara biyu.

Masu sayen kwamfutocin tokumbo su ma akwai abin da ya kamata su duba. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11 tana buƙatar furosesar Intel ta ƙarni na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama. Na'urar da ta gaza haka, komai arharta, ba za ta daɗe tana amfani ba.

Saboda haka, kafin a biya kuɗi, wajibi ne mai saye ya tantance irin aikin da na'urar za ta yi, ya lissafa awoyin aikinta da farashin wutar yankinsa na tsawon shekara uku ko huɗu, sannan ya haɗa da kuɗin allo da fanka da ma'adana. Jimillar da ta fito ita ce ainihin farashin kwamfutar.